Ban-ɗakin da keke ba ya shiga

Sau uku cikin zangon karatu ɗaya wata baiwar Allah ta kawo mana ɗiyarta, mai tafiya a keken guragu, asibitin unguwa a nan Agege, kullum ƙorafin ɗaya ne: fitsari da zafi, ciwon mara, zazzaɓi da dare. Mu ba da magani ya lafa, bayan 'yan makonni ya dawo. A karo na uku na jawo kujera kusa da keken yarinyar na ce, "'Yata, kina shan ruwa kafin ki tafi makaranta?" Ta sunkuyar da kai. Uwar ce ta amsa: "Ina fa, Malama. Ko koko ba ta karɓa sai ta dawo."

Ashe ban-ɗakin makarantarsu matakala uku ne da shi. An ɗaga ginin ne saboda ruwan Legas, wannan kowa ya san dalilinsa. Ƙofar kuma ko an ɗaga keken ba zai ratsa ba. In ta matsu, sai ta sauka ta ja jiki da hannu a kan jiƙaƙƙen siminti, ko ta roƙi ƙawa ta ɗauke ta a gaban 'yan aji. Ita kuwa ta zaɓi ƙishirwa, tun daga asuba har ƙarfe biyu.

Riƙe fitsari da ƙarancin ruwa na bai wa ƙwayoyin cuta damar hayayyafa a mafitsara, in abin ya yi ta maimaituwa yana iya hawa har ƙoda. Wanda ya rarrafa kuma, da hannun nan zai ci abinci, a garin da kwalara ta ɓarke a 2024. 'Yan mata in sun fara al'ada, da yawa a nan karatun yake tsayawa, iyaye su ce ai ta gaji da boko.

Gyaran bai kai yadda masu makarantu ke tsoro ba. A maye gurbin matakala da gangare mai sauƙi: duk tsayin inci ɗaya, a ba shi tsawon ƙafa ɗaya. Tudun ƙafa ɗaya kenan yana son gangaren ƙafa 12. Na sha ganin inda birkila ya zuba siminti a tsaye kamar zamiyar yara, ya ce ya gama. Wannan karya yaro zai yi. Faɗin ƙofa ya kai santimita 90, kuma ta riƙa buɗewa waje, don in yaro ya faɗi a ciki kada jikinsa ya tokare ta. Daga ciki a bar fili kamar mita ɗaya da rabi inda keke zai juya. Mai walda ya kafa ƙarfen dafawa a bango, ya kama sosai. Inda masai na tsuguno ne, kafinta zai iya yin kujera mai rami a tsakiya, tsayinta daidai da mazaunin keke. Famfo, buta da sakata su sauko inda hannun mai zaune zai kai. Tayil mai santsi kuwa a bar shi.

Masu Islamiyyu na Agege, Idi-Araba da Mile 12, da ku nake musamman, har da wurin alwala. Yaro ba zai riƙe tsarki ba in hanyar tsarkin rarrafe ce cikin najasa.

Ba alfarma ake roƙo ba. Jihar Legas na da dokar masu buƙata ta musamman tun 2011, da ofishin LASODA mai kula da ita. Dokar tarayya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta bai wa gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Iyaye, ku tayar da maganar a taron iyaye da malamai, ku rubuta wa shugaban makaranta, ku riƙe kwafi.

In an fara aikin, kafin a yi filasta a kawo yaron da kekensa ya shiga, ya juya, ya rufe ƙofa da kansa. Inda ya maƙale, a nan birkila zai sake.