Gandun Daji da Filayen Masana'antu a Kwaikwayon Kwamfuta

Wannan wani reshe ne na tsara amfani da ƙasa, inda ake gina kwatankwacin wani yanki a cikin kwamfuta, wato samfuri, sannan a tura shi gaba shekara 20 ko 50 a ga inda ma'adinai, hanyoyi da masana'antu za su ci, da kuma abin da zai rage na daji. Yawanci ana yanka taswira ne gida-gida kamar na dara, kowane gida da shaidar abin da ke cikinsa. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat, da ake yawan amfani da su, kowane gida faɗinsa mita 30 ne.

Hanya mafi sauƙi ta shigar da wurin da doka ta kare ita ce a kulle shi, a ce wa kwamfuta nan ba a taɓawa. Manhajar SLEUTH ta Keith Clarke, mai hasashen yaɗuwar birane, haka take yi, tana da shafi na musamman na wuraren da aka cire. To amma nan gizo ke saƙar. Buƙatar fili ba ta ɓacewa don an kulle wani wuri, komawa take gefe, sau da yawa ma ta taru a bakin iyakar gandun, sai ka ga taswira ta nuna ciki lafiya lau alhali an zagaye shi da ramukan haƙa da tituna har dabbobi ba su da mafita. Kuma kariya kala-kala ce: rukunonin wuraren kariya na IUCN, ƙungiyar kare muhalli ta duniya, shida ne, na farko tsattsaura ne, na shida kuwa ya yarda a ci moriyar albarkatu daidai gwargwado. Duk samfurin da ya haɗa su a kwando ɗaya, gaskiya ya yi sakaci.

Su kuma masana'antu matsalarsu daban. Filin da suke ci kai tsaye ba lallai ya yi yawa ba, amma bututun mai, layin wuta da hanyar shiga sirara ne, wasu ba su kai faɗin gida ɗaya na taswira ba, sai su sulale ba a gansu ba, alhali su ne ke daddatsa dajin. Shi ya sa ake ƙara musu zoben tasiri, wato tazarar da ƙara, ƙura da zirga-zirga ke kaiwa.

Akwai kuma manhajojin zaɓen inda ya kamata a kare tun farko, irin su Marxan na Ian Ball da Hugh Possingham, wadda ta taimaka wajen sake fasalin wuraren kariya na Great Barrier Reef, babban yankin murjani a tekun Ostareliya, a 2004. Bayan yarjejeniyar ƙasashen duniya kan kare halittu ta Kunming-Montreal ta 2022, wadda ta sa burin kare kashi 30 cikin ɗari na ƙasa da teku zuwa 2030, irin wannan aiki ya ƙara samun kasuwa. Kafin a yarda da samfuri dai, ana fara ba shi tsohuwar taswira ya hasko ta yau, a gwada da abin da ke ƙasa.