Lambar yabon ma'aikatan gwamnati: amsoshin tambayoyin da kuka ishe ni da su

Da zarar an fara yaɗa hotunan ma'aikatan da aka karrama a Abuja, sai kowa ya tuna yana da lambar wayar wani irina da ya daɗe a sashen mulki. Tambayoyin ba sa canzawa, masu yin su ne kawai ke canzawa. Ga amsoshin a wuri guda. Wanda ya sake kirana a kan ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi.

Wa ke shirya bikin?

Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya, a cikin Makon Ma'aikatan Gwamnati da akan yi a watan Yuni. Didi Esther Walson-Jack ce ta karɓi wannan kujera a watan Agustan 2024 daga hannun Dakta Folasade Yemi-Esan. Idan kai ma'aikacin jiha ne, naka shugaban ma'aikatan yana babban birnin jiharku, can za ka tambaya.

Idan na samu lambar, za a ƙara min girma?

A'a. Ƙarin girma hanyarsa daban: shekara biyu a kan matakin albashi ɗaya ga masu mataki na shida zuwa ƙasa, uku ga mataki na 7 zuwa na 14, huɗu ga na 15 zuwa sama, sannan ka ci jarrabawa, sannan a samu gurbi. Takardar yabo za ta shiga fayil ɗinka, kuma tana da amfani ranar da aka zauna a kanka. Amma ba ta zana wa kowa jarrabawa.

Me ya sa a watan Yuni?

Saboda 23 ga Yuni ita ce ranar ma'aikatan gwamnati ta Afirka, wadda ministocin nahiyar suka amince da ita a taronsu na Tanja, ƙasar Maroko, a 1994. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware wannan rana a 2002. Akan ɗaga makon wasu shekarun.

Ita ce irin su MON da OON?

Haba dai. Waɗannan lambobin girmamawa na ƙasa ne, shugaban ƙasa ke bayarwa bisa dokar 1964, kuma ɗan kasuwa da basarake da ɗan wasa duk suna iya samu. Kada ka je ka buga kati da wasu haruffa a bayan sunanka don an miƙa maka allon yabo.

Ai 'yan gaban goshin oga kawai ake ba. Ko ƙarya na yi?

Ba ka yi ƙarya duka ba, Malam, amma ka rage zafi. Ma'aikatu ne ke tura sunaye, kwamiti ya tantance, kuma duk inda mutum zai zaɓi mutum akwai son rai. Tsohuwar takardar auna aikin shekara, APER, ita ta lalata lamarin: kowa maki mai kyau, da mai zuwa ƙarfe takwas da mai leƙowa ranar Litinin ya rataya babbar riga a kujera ya ɓace. Shi ya sa ake maye gurbinta da sabon tsarin auna ƙwazo, inda kai da shugabanka za ku rubuta abin da za ka cimma tun farkon shekara.

To amma kai ma, yaushe rabonka da duba fayil ɗinka? Na sha ganin mai kukan an danne shi, aka ɗauko fayil daga rajista, aka kwance igiya, ba komai ciki sai takardar kama aiki, takardun hutu, da takardar tuhuma guda da bai taɓa amsawa ba. Kwamiti bai san ka ba, takarda yake karantawa. Aikin da ka yi, ka sa a rubuta shi, da kwanan wata da sa hannu.

Wata ƙungiya ta aiko min da wasiƙa za ta karrama ni a otal a matsayin gwarzon ma'aikaci. In karɓa?

A nan kam sai mun zauna, Hajiya, don amsar ba ɗaya ba ce.

Fara da duba wasiƙar har ƙasa. Idan akwai lambar asusun banki, ko an ce ki sayi tebur, ko ki ɗauki shafi a mujallar taron, to ciniki ne, kuma ke ce kasuwar. Wannan mai sauƙi ne, ki ajiye ta.

Mai wuyar ita ce wadda ba a nemi ko sisi ba. Sai ki tambayi kanki: su wane ne, kuma me ya haɗa su da teburina? Kundin tsarin mulki na 1999, a Jadawali na Biyar inda aka zayyana ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya hana ma'aikaci neman wani amfani ko karɓarsa saboda abin da ya yi, ko ya ƙi yi, a bakin aikinsa. Ya ƙara da cewa kyautar da ta fito daga kamfani ko mai kwangila da gwamnati za a ɗauka ta saɓa doka, sai in ke kika tabbatar da akasin haka. Ki lura da wannan da kyau, nauyin wanke kai a kanki yake. Idan kina sashen sayayya ko biyan kuɗi, kuma wanda ya ɗauki nauyin taron yana da takarda a ofishinku, ruwa ba ya tsami banza.

Idan kuwa ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarku ce, ko ta ci gaban garinku, ko ta masu sana'arku, kuma allo ne kawai da takarda, a ganina babu laifi a mafi yawan lokuta. Dokar ma ta bar ƙofa ga kyautar dangi da abokai gwargwadon al'ada. Sai dai ƙungiya ba dangi ba ce, kuma akwai wani sharaɗi da mutane ke tsallakewa: kyautar da aka ba ma'aikaci a taron jama'a ana lissafa ta a matsayin ta hukumar da yake wakilta. Allon katako ba wanda zai bi ki a kansa. Makullin mota ko ambulan mai kauri, wannan wata magana ce, kuma ba zan ce miki ki kai gida ba.

Abin da nake gaya wa kowa: ki rubuta wa shugabanki takarda kafin ranar, ki haɗa da kwafin gayyatar, ki nemi izini a rubuce. In an amince, kin samu kariya. In an yi shiru, ni dai da zan aika godiya in ba da uzuri. Hukumomi sun bambanta wajen tsanani, wasu suna da nasu ƙa'idojin na cikin gida, don haka ki leƙa wurin lauyan ma'aikatarku ma. Minti goma ne.

Me ake bayarwa a na gwamnatin?

Takarda da allon yabo, galibi da kuɗi. Ya danganta da shekara da masu tallafawa. Kada ka ci bashi da sunansa.

Direba ko ƙaramin ma'aikaci zai iya samu?

Ƙwarai, ka kwantar da hankalinka, ba don daraktoci aka ƙirƙiro bikin ba. Inda gizo ke saƙa shi ne masu shara da masu gadi: tun sauye-sauyen zamanin Obasanjo yawancinsu a ƙarƙashin kamfanoni suke, sunansu ba ya cikin jerin ma'aikata. Wannan yana ci min rai, domin su ne ke riga kowa zuwa.

Saura min wata shida in cika shekara 35 a aiki. Na makara?

Ga wannan lambar, wataƙila. Baba, ka bar zancen allo, ka je ka daidaita takardun fanshonka tun kana da tebur a ofis.

Kana da hanya a ofishin? Ka sa min baki mana.

Ba ni da ita. Ka je wurin daraktan kula da ma'aikata na ma'aikatarku, ka tambaye shi yaushe takardar neman sunaye take fitowa da kuma sharuɗɗan da ke cikinta.