Bikin sabuwar fassarar Littafi Mai Tsarki a ƙasar Kecuwa

Bikin keɓe Littafi Mai Tsarki taro ne da Kiristocin Kecuwa suke yi idan an gama fassara littafin zuwa harshensu an buga, ranar da za a buɗe kwalayen farko a gaban jama'a. Su Kecuwa mutanen tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, yawanci a Peru da Bolibiya da Ekwado, masu jin harshen sun kai miliyan 8 zuwa 10, kuma shi ne harshen da daular Inka ta yi mulki da shi daga birnin Kusko. Su da kansu Runa Simi suke ce masa, wato bakin mutane.

Abin da ya sa ake ta jin labarin bikin nan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba shi ne Kecuwa ɗin ba harshe guda ba ne, dangi ne, mutumin Kusko da mutumin Ankash, duk a Peru, in sun haɗu sai su yi ta kame-kame ba su gane juna sosai ba, shi ya sa kusan kowane yanki sai an yi masa tasa fassarar. Bolibiya ta samu cikakken littafin a 1986, yankin Ayakuco na Peru a 1987, Kusko a 1988, yankin Cimborazo na Ekwado kuma a 1989.

An daɗe fa ana rubuta addini da harshen. Tun 1560 wani fada mai suna Domingo de Santo Tomás ya buga nahawun Kecuwa, a 1584 kuma aka buga littafin koyar da addini a Lima cikin Sifaniyanci da Kecuwa da Aimara. Amma wancan tambaya da amsa ne da addu'o'i, Littafi Mai Tsarkin kansa bai zo hannun talaka ba. A farkon ƙarni na 20 wata marubuciya 'yar Kusko, Clorinda Matto de Turner, ta fassara Linjila tana zaman gudun hijira a Ajantina. Kenan shekara ɗari huɗu da wani abu tsakanin zuwan Turawan Sifen da cikakken littafi, kuma duk tsawon lokacin nan ana raina mai jin Kecuwa, ana ɗaukar harshensa na ƙauye ne kawai.

Aikin ma ba wasa ba ne. Kecuwa na da "mu" iri biyu, akwai ñuqanchik wanda ya haɗa da wanda kake wa magana, akwai ñuqayku wanda ya cire shi, mu a Hausa duk "mu" ne. To a addu'ar da ake cewa a gafarta mana zunubanmu dole mai fassara ya ɗauki na biyun, in ba haka ba ya saka Allah cikin masu laifi. Sannan akwai ɗafin -mi da ke nuna mai magana ya tabbatar da kansa, da -si da ke nuna ji ya yi, kamar "wai" ɗinmu, kuma a labari sai an zauna an yanke wanne ya dace, aya bayan aya.

Na Ayakuco shi ya fi taɓa zuciya gaskiya. An gama shi ne ana tsakiyar yaƙin ƙungiyar 'yan tawaye ta Sendero Luminoso da gwamnatin Peru, wanda ya fara a yankin a 1980, hukumar bincike ta ƙiyasta a 2003 cewa mutum kusan 69,000 suka mutu kuma kashi uku cikin huɗu masu harshen gargajiya ne, galibi Kecuwa. Ɗaya daga cikin masu fassarar, Rómulo Sauñe, wanda ya tashi yana kiwo a ƙauye, 'yan tawayen sun harbe shi a hanya a watan Satumba 1992 tare da ɗan'uwansa, shekara biyar kacal bayan littafin ya fito.

Ranar bikin mutane kan sauko daga ƙauyuka tun da asuba, wasu da ƙafa wasu a bayan manyan motoci, mata da huluna da siket masu launi sun goyo yara a mayafi, maza da bargon ponco, ana jerin gwano cikin gari da goge da molo da sarewa. Fastoci su ɗora hannu kan littattafan su yi addu'a, a kira masu fassara a gode musu, sai wani ya hau ya karanta aya da ƙarfi, nan ne za ka ga tsofaffin da suka shekara suna zaman coci ana wa'azi da Sifaniyanci suna share hawaye. Daga nan a yi layi a sayi littafi a farashi mai sauƙi, a ci dankali da nama da aka gasa a rami da duwatsu masu zafi, abin da suke kira pachamanca.

Da yake manya da yawa a makaranta da Sifaniyanci aka koya musu karatu, wasu ma ba su shiga ba, bayan biki coci-coci kan buɗe ajin koyon karatu da Kecuwa, ana kuma raba littafin cikin murya a rediyo da waya don wanda ba ya iya karantawa.