Satar tsirrai masu ajiye ruwa daga daji

Satar tsirrai masu ajiye ruwa ita ce haƙo su daga inda Allah Ya tsirar da su ba da izini ba, a sayar wa masu ado da shuka a tukunya. Su ne tsirran nan masu kaurin ganye ko kara ko saiwa, da ke tara ruwa a jikinsu su ci rani da shi. Mutumin Kaduna ya san danginsu ko da bai san sunan boko ba: ƙerana da aguwa da ake shinge gona da su, tinya, ƙariya mai jan fure, da karan masallaci da ke fitowa a tsakanin duwatsu. Wasu kan ce wa ƙerana kaktus saboda ƙaya, amma ba shi ba ne, kaktus na asali kusan dukansa ɗan nahiyar Amurka ne.

Tarihi

Kwaɗayin nan ba yau aka fara ba. Tun 1772 lambun Kew na Ingila ya tura Francis Masson zuwa kudancin Afirka ya tara masa tsirrai. A 1811 kuma masanin tsirrai William Burchell yana tafiya kusa da garin Prieska na Afirka ta Kudu ya sunkuya ya ɗauki abin da ya zaci tsakuwa ce mai kyan siffa, ashe tsiro ne da saiwarsa, shi ne jinsin da daga baya a 1922 aka raɗa wa suna Lithops, wato mai kama da dutse. Wannan kamar da ke ɓoye shi daga dabbobi ita ce dai ta ja masa idon mutane. An daɗe abin yana hannun 'yan tsirarun masu sha'awa a Turai da Japan, sai wajajen 2019 zuwa 2020 kasuwar ta tumbatsa, lokacin kullen korona mutane na zaune a gida suna sayen shuka ta intanet suna ɗora hotuna a Instagram, masu saye suka yawaita musamman a Sin da Koriya ta Kudu.

Karoo

Inda ɓarnar ta fi muni shi ne busasshen yankin Karoo da ya ratsa Afirka ta Kudu da Namibiya, su Namaqualand da Richtersveld da Knersvlakte. Akwai nau'in tsirrai sama da 6,000 a can, kusan kashi 40 cikin ɗari ba a samunsu ko'ina sai nan. Wanda aka fi nema shi ne Conophytum, ɗan mitsitsi ne kamar maɓallin riga, yana fitowa a dunƙule cikin tsagar dutse, kuma dunƙule ɗaya da bai cika tafin hannu ba zai iya ɗaukar shekaru gommai kafin ya kai haka. Abin da ke ci wa mutum rai shi ne wani nau'in duk duniya a kan tudu ɗaya kawai yake, to mutum biyu da buhu da ƙaramin ƙarfen tono za su iya gamawa da shi a yini ɗaya, ba kamar aguwa ba da kana karya reshe ka soka a ƙasa ya kama.

Da korona ta hana baƙi zuwa da kansu sai dillalai suka koma tura hoto da lambobin wuri ta waya ga mazauna yankin, waɗanda rashin aiki ya yi wa katutu, su haƙo a ba su ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a cusa tsirran a kwali a aika ta gidan waya ko jirgi a matsayin wani kaya daban. Daga 2019 zuwa 2024 hukumomin Afirka ta Kudu sun ƙwace sama da miliyan ɗaya da rabi. Wanda aka ƙwace ɗin ma mayar da shi daji ba sauƙi, sau da yawa ba a san tudun da aka ciro shi ba, sai dai SANBI, hukumar kula da tsirrai da halittu ta Afirka ta Kudu, da wasu lambuna su yi ta renonsa.

Nahiyar Amurka

Binciken ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, na 2015 ya nuna kashi 31 cikin ɗari na nau'ukan kaktus na fuskantar ƙarewa, kuma haramtaccen ciniki na cikin manyan dalilai. A 2020 'yan sandan Italiya sun kama kaktus sama da 1,000 da aka sato daga hamadar Atacama ta Chile, yawancinsu jinsin Copiapoa, aka mayar da 844 gida a 2021. A shekarar ce kuma Kalifoniya ta yi dokar hana satar Dudleya, wani tsiro mai ajiye ruwa, daga duwatsun gaɓar teku.

Doka

Yarjejeniyar CITES ta cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe, da aka sa wa hannu a Washington a 1973, ta fara aiki a 1975, ita ce ke tsara fitar da irin waɗannan tsirrai. Dangin kaktus da Aloe da Euphorbia (dangin ƙerana da aguwa) masu ajiye ruwa duk suna ciki, ban da aloe vera da ake nomawa ko'ina. Afirka ta Kudu ta shigar da Conophytum a 2023. Najeriya mamba ce, ta yi dokarta a 1985, hukumar kare muhalli ta NESREA ke sa ido.

Saɓani

Wasu na ganin a tsaurara hukunci, wasu na cewa a ba mutanen yankin lasisin renon iri su sayar.

Yadda ake gane na daji

Ƙariya da aloe vera da masu fulawa ke jerawa a bakin titi cikin baƙar leda ana samar da su ne daga iri ko 'ya'yan da uwar ta fitar ko yankan reshe. Na reno yakan fito sumul, girmansu ɗaya. Na daji kuwa za ka ga tabon rana da cizon dabba a jikinsa, siffarsa a karkace, saiwarsa a guntule inda aka fizge shi daga dutse.