Waiwaye: Yadda tsufa ya zama darajar shayin Pu'er

Koren ganyen shayin nan na ƙasar Sin da ake dafawa a 'yar buta a Agadez ko Damagaram, in ya daɗe a kanti sai ya sane, ƙamshin ya gudu. Amma a lardin Yunnan, can kudu maso yammacin Sin, kan iyaka da Myanmar da Laos da Vietnam, akwai shayin da ake tambayar shekarunsa kafin a tambayi kuɗinsa. Sunansa Pu'er, sunan garin da ya daɗe yana zaman kasuwarsa.

Tun farko babu wanda ya shirya tsufar da shi. Ana tsinko ganyen daga bishiya mai faffaɗan ganye, a soya shi sama-sama a babban kasko, a murza, a shanya a rana. Da yake ba a gasa shi da wuta mai ƙarfi ba, ƙananan halittun da ke jikinsa ba sa mutuwa, ganyen ya ci gaba da sauyawa. Daga nan a turara shi, a danne da dutse ya zama faifai, don ya yi daɗin lodi. Har yau faifan da aka saba gani giram 357 ne, ana ɗaure su bakwai-bakwai cikin ɓawon gora. Fatake ke ɗora su kan dawakai da alfadarai, su yi watanni a hanyar duwatsu zuwa Tibet. A 1729 daular Qing, mai mulkin Sin a lokacin, ta kafa gundumar Pu'er, shayin kuma ya shiga cikin kayan gaisuwar da ake kaiwa fada a Beijing.

Sai dai waɗanda suka koya wa kasuwa son tsohon ganye mutanen Hong Kong ne. Sabon Pu'er yana da ɗaci da bauri, su kuwa shayi mai laushi suke so, wanda zai sauke maiƙon abincin gidajen shayinsu. Dillalai suka riƙa jibge shi a rumbuna masu laima, shekara da shekaru, har ruwansa ya koma ja mai duhu. Da buƙata ta fi ƙarfin rumbunan, masana'antar shayi ta Kunming, babban birnin Yunnan, ta fito da hanyar gaggawa a 1973, ta Menghai ta bi sahu: a tara ganye tsibi, a yayyafa ruwa, a lulluɓe, zafi ya taso daga ciki, a riƙa juyawa na tsawon makonni shida ko fiye. Wanda ya taɓa ganin yadda ake rufe kalwa ta zama daddawa ba zai yi mamaki ba. Tun daga lokacin Pu'er ya rabu biyu, ɗanye da ake barin lokaci ya nunar da shi, da nunanne da ake sha yana fitowa.

Wajen sha kuwa, sai an ɓanɓaro ɗan guntu da tsinken ƙarfe, a zuba tafasasshen ruwa a zubar da na farko. Zubi na gaba 'yan daƙiƙoƙi kawai ake jira, kuma ganye ɗaya yana iya kaiwa zubi goma bai gaji ba. Ba sukari, ba madara. Ɗanyen da ya tsufa da kyau, ɗacinsa ya kwanta, ana jin ƙamshin tsohon katako, wani lokaci kafur ko busasshen dabino, sannan wani zaƙi ya biyo baya a maƙogwaro bayan an haɗiye. Nunannen ya fi kauri da santsi, yana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. In an yi shi da ganganci kuwa, ƙarnin kifi yake yi, kuma babu yawan shekarun da zai mayar da mugun ganye na kirki.

Kuɗi ne suka rikita lamarin. A shekarun 1990 tsohuwar hajar rumbunan Hong Kong ta fito kasuwa, masu tarawa daga Taiwan suka saye, suka yi ta rubuce-rubuce a kanta. Zazzaɓin ya tsallaka babban yankin Sin, mutane suka koma sayen faifai don ajiya, wasu ba su taɓa ɗanɗana abin da suka tara ba. Farashi ya yi tashin gwauron zabi a farkon 2007, shekarar da birnin Simao, maƙwabcin tsohon garin Pu'er, ya ɗauki sunan Pu'er, kafin tsakiyar shekarar kasuwa ta rufta da dillalai da manoma. Jabu ya riga ya cika gari: sabon ganye cikin tsohuwar takarda, ko ganyen wani lardi da sunan Yunnan. A 2008 hukuma ta kafa ƙa'ida cewa sai ganyen Yunnan mai faɗi, wanda aka shanya a rana aka kuma sarrafa a yankin, zai amsa sunan.

Yanzu ido ya koma kan bishiyar kanta. Ganyen tsoffin bishiyoyi na ƙauyuka irin su Lao Banzhang ya fi na gonakin zamani tsada nesa ba kusa ba, kuma a 2023 UNESCO ta sa tsoffin dazukan shayi na dutsen Jingmai, inda ƙabilun Blang da Dai suka daɗe suna renon bishiyoyin, cikin kayan tarihin duniya. Gardamar ajiya kuwa ba ta ƙare ba. Masu ajiya a Kunming, inda iska ke bushe, suna cewa nasu ya fi tsabta ko da yana jinkirin nuna. Na Guangdong da Hong Kong su ce shayin da bai sha laima ba, ko ya shekara ashirin, yaro ne.