Minti uku a gaban kansiloli: mene ne "lokacin jin ta bakin jama'a"?

Duk mai bibiyar labaran Amurka da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin wannan bidiyo ba. Ƙaramin zaure, mutum biyar ko bakwai zaune a bayan wani dogon tebur mai lanƙwasa, kowa da sunansa rubuce a gabansa. Can a ƙasa ga wata mata ko wani dattijo tsaye gaban makirufo, takarda a hannu, murya na rawa, yana faɗa musu abin da ke ransa, su kuma sun yi tsit suna kallonsa. Wannan shi ne abin da Amurkawa ke kira da sunan da za a iya fassarawa "tsokacin jama'a", wato ɗan lokacin da ake warewa a zaman majalisar gari domin duk mazaunin da ke da magana ya tashi ya yi ta. Na fi son in kira shi lokacin jin ta bakin jama'a, domin hakan ya fi nuna abin da ake yi.

Kafin a gane nauyinsa sai an san inda ake yinsa. Manyan biranen Amurka zagaye suke da ƙananan garuruwa, waɗanda baƙo zai ɗauka unguwannin birnin ne, alhali kowanne cin gashin kansa yake yi. Gundumar Los Anjelis kaɗai tana da garuruwa 88, kowanne da majalisarsa. A yawancinsu kansila ba aikinsa ke nan ba: da rana yana shagonsa ko ofishinsa, da dare ya zo zama, galibi sau biyu a wata. Su kansilolin ne ke ɗaukar wani ƙwararre haya, manajan gari, ya riƙa tafiyar da harkokin yau da kullum, kuma suna iya sallamarsa. Tsarin ya samo asali ne tun farkon ƙarni na 20, a garuruwa irin su Staunton a 1908 da Dayton a 1914. A hannun wannan 'yar majalisa ake yanke ko za a gina gidajen haya a bayan gidanka, nawa za ka biya kuɗin ruwa, wane titi za a gyara, da yadda 'yan sandan garin za su yi aiki. Shugaban ƙasa yana can nesa. Waɗannan kuwa su ne ke taɓa aljihun mutum da ƙofar gidansa.

Yadda ake yi ba shi da wuya. Ana liƙa jerin abubuwan da za a tattauna tun kafin ranar zama; a Kalifoniya doka ta ce awa 72 kafin lokaci. Wanda ke son magana yakan cike wani ɗan kati ya miƙa wa akawun majalisa. Idan aka kira shi sai ya tako gaban makirufo, a danna agogo. Minti uku aka fi bayarwa, wasu garuruwan biyu, wasu biyar. A zaure da yawa akwai 'yar fitila a gabansa: kore ya ci gaba, rawaya ya fara naɗe tabarma, ja ya koma ya zauna. Mutum ya kwana yana tsara abin da zai faɗa game da filin wasan da ake shirin rufewa, ya karanta wa matarsa sau uku yana auna lokaci, ya zo ya tsaya zuciya na dukan uku-uku. Fitila ta yi ja, magajin gari ya ce an gode, a kira na gaba.

Wannan shirun yana ɓata wa mutane rai, har sukan ɗauka raini ne. Sau da yawa kuwa doka ce ta ɗaure bakin kansilolin. A Kalifoniya, alal misali, ba a yarda majalisa ta yi muhawara ko ta yanke shawara kan abin da ba ya cikin jerin da aka liƙa ba. Iyakarta ta ba da gajeriyar amsa ko ta tura wa ma'aikata su duba. Dalilin mai kyau ne: kada mutum goma su cika zaure da dare su sa a zartar da abin da sauran mutanen gari ba su ma san ana maganarsa ba. Saboda haka haƙƙin da ke hannun mai magana shi ne ya faɗa, a ji, a rubuta. Ba a yi masa alkawarin amsa ba, balle na biyan buƙata.

Akwai wani abu da kan ba mutane mamaki. Kundin tsarin mulkin Amurka, duk da sunan da ya yi wajen kare faɗin albarkacin baki, bai tilasta wa kowace majalisa ta saurari kowa ba. Kotun Ƙoli ta faɗi haka ƙarara a 1984, a wata shari'a da ta taso daga jihar Minesota. Dokokin jihohi ne suka buɗe ƙofar. Fitacciya a cikinsu ita ce Dokar Brown ta Kalifoniya, wadda aka kafa a 1953 bayan jaridar San Francisco Chronicle ta yi jerin rahotanni kan yadda hukumomin ƙananan garuruwa ke ƙulle ƙofa su gama komai a asirce. Dokar ta hana a tilasta wa mutum rubuta sunansa kafin ya shiga zaure, ta kuma hana majalisa toshe bakin mai sukar ayyukanta. Fulorida ta kafa tata dokar zama a bainar jama'a a 1967, amma sai a 2013 ta ƙara da cewa dole a ba mutane damar magana. Shekara 46 ke nan mutum yana da haƙƙin shiga ya zauna ya kalla, ba tare da dokar jiha ta tabbatar masa da na buɗe baki ba.

Da zarar an buɗe ƙofar kuma, sai gyaran farko na kundin tsarin mulki, mai kare faɗin albarkacin baki, wanda aka amince da shi a 1791, ya shigo da ƙarfinsa. Majalisa tana iya ƙayyade mintuna. Tana iya cewa a tsaya kan harkokin gari. Tana iya fitar da wanda ya hana zama ci gaba. Abin da ba ta da iko a kai shi ne ta bar mai yabo ya gama, ta katse mai suka. A nan ne rigingimu suka fi tasowa, domin mai riƙe da gudumar shugabanci ɗan Adam ne, kuma ba kowa ke iya zama a gaban maƙwabtansa ana kwance masa zani a kasuwa ya yi shiru ba.

A watan Nuwamban 2006, a garin Riviera Beach na Fulorida, wani mazaunin garin mai suna Fane Lozman ya tashi a lokacin jin ta bakin jama'a ya fara magana kan cin hanci a tsakanin jami'an yankin. Dama yana shari'a da majalisar, yana zarginta da karya dokar zama a bainar jama'a. Bai yi nisa ba wata kansila ta ce ya dakata, ya ƙi, ta ce a fitar da shi. Ɗan sanda ya sa masa ankwa a gaban kowa, kyamarar zauren kuma na ɗauka. Mai gabatar da ƙara ya yi watsi da tuhumar, amma Lozman bai haƙura ba, ya ce ramuwar gayya ce aka yi masa saboda bakinsa. Sai da maganar ta kai Kotun Ƙoli. A 2018 alƙalai takwas cikin tara suka ce ko da ɗan sanda yana da hujjar kamu, hakan bai hana a saurari ƙorafin cewa hukumar gari ce ta shirya muzguna masa ba. Daga baya garin ya biya shi dala 875,000 aka rufe shari'ar. Sama da shekara goma ya yi yana bin kadin maganar da bai samu ya ƙarasa ba.

Shari'ar da ta fi burge ni ita ce ta Southborough, wani ƙaramin gari a jihar Masachusets. Hukumar garin tana da ƙa'idar cewa duk mai magana dole ya yi ta cikin ladabi da girmamawa. A wani zama a ƙarshen 2018 wata mata ta zarge su da almubazzaranci da karya dokar zama a fili. Shugaban zaman ya katse ta, rai ya ɓaci, ta kwatanta shi da Hitila, aka ce ta fita. A watan Maris na 2023 babbar kotun jihar ta soke ƙa'idar. Ta ce ana iya roƙon mutane su yi ladabi, kuma ya kamata a roƙe su, amma ba a iya mai da shi sharaɗi, domin zaman lafiya da bin tsari daban, ladabi daban.

Na san wannan zai yi wa wasu nauyi, ni ma ba na jin daɗin a ci mutuncin mutum a bainar jama'a. Amma a duba wa zai yanke cewa magana ta zama rashin kunya. Shi wanda ake suka, mai guduma a hannu. Duk ranar da aka ba shi wannan dama, to kowace gaskiya mai ɗaci za ta koma rashin ladabi a kunnensa. Matar da aka ninka wa kuɗin ruwa, ko uban da 'yan sanda suka wulaƙanta ɗansa, ba za su zo da murmushi ba, kuma su ne suka fi cancanta a ji. Kotun ta yi daidai.

Sai dai kada a ɗauka wanda ya zo zaure shi ne jama'a. Wasu malamai uku na Jami'ar Boston sun bi bayanan zaman hukumomin tsara gine-gine a garuruwa 97 na yankin Boston, suka duba su wa ke tashi magana idan za a gina sababbin gidaje. Suka tarar galibi masu gidan kansu ne, manya a shekaru, waɗanda suka daɗe a garin, maza sun fi yawa. Kashi 63 cikin 100 na maganganun adawa ne da ginin, masu goyon baya ba su wuce kusan kashi 15 ba. Ba abin mamaki ba ne. Zaman da ake farawa ƙarfe bakwai na dare a tsakiyar mako, ya kai sha ɗaya, ba na mai aikin dare ba ne, ba na uwa mai goyo da ba ta da wanda za ta bar wa yara ba ne. Wanda zai amfana da sabon gidan kuwa bai ma tare a garin ba tukuna, ina zai samu kati ya cike? Kansilan da ya ɗauki muryar mutum ashirin ɗin da ke gabansa a matsayin muryar gari ya yi kuskure, ko da da zuciya ɗaya ya yi.

Abin da ke sa kansila ya kasa kunne da gaske shi ne ƙuri'a, kuma a nan ne waɗannan garuruwa suka fi rauni. Da yawansu ba sa haɗa zaɓensu da na shugaban ƙasa ko na gwamna. Sai su sa shi a wani wata daban, takardar ƙuri'a ba sunan jam'iyya, 'yan takara ba wanda ya san su. Mutane ba sa fitowa. Kalifoniya ta ga abin ya yi yawa, har ta yi doka a 2015 mai tilasta wa garuruwan da fitowar masu zaɓensu ta yi ƙasa sosai su mai da shi ranar zaɓen jiha.

Garin Bell, a gefen Los Anjelis, shi ne misalin da ba a mantawa. Gari ne na ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi, mutum kimanin 35,000. A 2005 aka kira wani zaɓe na musamman don sauya tsarin mulkin garin, mutanen da suka jefa ƙuri'a ba su kai 400 ba. Sauyin nan ne ya fitar da kansiloli daga iyakar albashin da jiha ta gindaya. Ba a farga ba sai a watan Yulin 2010, da jaridar Los Angeles Times ta bankaɗo cewa manajan garin, Robert Rizzo, yana karɓar sama da dala 787,000 a shekara, kusan ninki biyu na albashin shugaban Amurka, yawancin kansiloli kuma kusan dala 100,000 kowanne a kan aikin wucin gadi. Zauren da a da kujerunsa ke zama wayam ya cika ya batse, har waje. Amma ihun zaure bai tsige kowa ba. Kiranye ne ya yi aikin a watan Maris na 2011, aka share majalisar aka zaɓi sabuwa. A 2014 kotu ta ɗaure Rizzo shekara 12.

Ferguson, a gefen birnin Sen Luwis na jihar Mizuri, ita ma haka. A 2014, kashi biyu cikin uku na mutanenta kusan 21,000 baƙaƙen fata ne, amma a ranar da ɗan sanda ya harbe wani matashi baƙar fata mai suna Michael Brown, 9 ga Agustan 2014, magajin gari farar fata ne, haka kansiloli biyar cikin shida. A zaɓen gari na watan Afrilun 2014, kimanin kashi 12 cikin 100 ne kawai suka fito. Zaman majalisa na farko bayan kisan, a wani babban coci aka yi shi, ɗaruruwa suka zo, suka yi layi gaban makirufo suna amayar da abin da suka daɗe da haɗiyewa: tarar da ake yanka musu ba gaira ba dalili, da sammacin da ke biyo baya idan an kasa biya. Rahoton Ma'aikatar Shari'a ta Amurka na watan Maris 2015 ya tabbatar da cewa garin ya mai da tara hanyar samun kuɗin shiga. Wata ɗaya bayan rahoton aka yi zaɓe, fitowar jama'a ta haura zuwa kusan kashi 30, baƙaƙen fata suka zama uku cikin kansiloli shida. Ɗaya daga cikin sababbin, Ella Jones, ita aka zaɓa magajiyar gari a 2020, baƙar fata ta farko kuma mace ta farko da ta hau wannan kujera a Ferguson.