Waiwaye: Yadda aka yi ta ƙara albashi, masu ƙaramin albashin Kaduna kuma suna wajen lissafi

Tun daga watan Nuwamban 2024 mafi ƙarancin albashi a takardun gwamnatin Jihar Kaduna naira 72,000 ne, wato an ɗora 2,000 a kan abin da dokar ƙasa ta yanka. Amma maigadin shago a titin Ahmadu Bello, da mai sharar asibitin kuɗi, da malamar makarantar kuɗi a Rigasa, da yaron gidan burodi a Tudun Wada, da mai zuba mai a Mando, akasarinsu a rediyo kawai suke jin wannan adadin. Hakan ba mantuwa ba ce. Haka aka gina dokar tun farko, kuma ƙarfin da a da yake tilasta wa masu kamfani su bi sahun gwamnati a garin nan ya rushe tare da masaƙun Kakuri.

Maganar ta samo asali ne daga lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Kaya sun yi tsada, albashi bai motsa ba, sai ma'aikatan jirgin ƙasa suka matsa lamba har Turawa suka amince da alawus na tsadar rayuwa a 1942. Kafin yaƙin ya ƙare tsada ta cinye alawus ɗin. A watan Yunin 1945 aka shiga yajin aikin gama-gari na farko, jagoran ma'aikatan jirgin ƙasa Michael Imoudu yana kan gaba, aka yi sama da kwana arba'in. Abin da ake nema shi ne ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan alawus, da kuma kada ladan lebura ya gaza sule biyu da sisi a rana. Kaduna mahaɗar layin dogo ce, don haka tun a lokacin garin ya san cewa idan 'yan reluwe suka ajiye aiki, gyaɗa da auduga ba sa isa teku.

Abin da ya biyo baya ya zama al'ada: a yi yaji, a kafa kwamiti, a ƙara kuɗi, farashi ya tashi ya tarar. Kwamitin Morgan ya yi lissafin abin da lebura mai iyali yake buƙata, sannan ya ba da shawarar adadin da bai kai haka ba, ya kuma kasa ƙasar shiyya-shiyya, Legas ce a sama. Jan ƙafar gwamnati a kan rahoton ne ya jawo yajin watan Yunin 1964. Kwamitin Adebo ya zo a 1970 zuwa 1971. Sai kwamitin Udoji, wanda dattawa har yau suke ba da labarinsa: a farkon 1975 aka biya ƙarin da ariyas na watanni a dunƙule, ma'aikata suka cika kasuwa da sayen babura da rediyo, 'yan kasuwa kuma suka ɗaga farashi ga kowa, har da wanda bai ga ko kwabo ba. An yi Udoji don ma'aikatan gwamnati ne, amma ma'aikatan kamfanoni suka yi ta yaji masana'anta bayan masana'anta har suka karɓi nasu.

A nan ne Kaduna ta shigo da ƙarfinta. Gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa hannu da kamfanin David Whitehead na Ingila aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles (KTL) a 1957. Masaƙun Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya a shekarun 1960, kamfanin harhaɗa Peugeot ya zo a 1975, matatar mai a 1980. Kakuri da Makera da Nasarawa suka cika da ma'aikata daga kowane sashe na ƙasar, ana aiki kashi uku dare da rana. Da gwamnatin soja ta sake fasalin ƙungiyoyi a 1978, ta dunƙule su zuwa 42 ƙarƙashin uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa NLC, ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da ɗinki ta kafa hedikwatarta a Kaduna. Adams Oshiomhole, wanda ya fara daga Arewa Textiles, ya zama babban sakatarenta a 1982.

Yadda ƙungiyar ta yi aiki shi ne darasin da ya fi muhimmanci a tarihin nan. Ana cire kuɗin ƙungiya kai tsaye daga albashi, saboda haka tana da asusu da ma'aikata na dindindin. A kowane sashe na masaƙa akwai wakili da ma'aikata suka zaɓa, shi ne yake fara zama da manaja idan an ba mutum takardar tuhuma. A sama kuma ƙungiyar tana zama da ƙungiyar masu masaƙu su ƙulla yarjejeniya guda da ta hau kan kowane kamfani: albashi, kuɗin haya, kuɗin mota, kuɗin abinci, ƙarin aikin dare, giratuti. Mai masaƙa ba zai ce maƙwabcinsa yana biyan ƙasa da haka ba, tunda takarda ɗaya suka sa wa hannu. Albashin masaƙa kuma shi ne ma'auni a gari. Mai gidan burodi ya san idan ya matse yaransa da yawa, ƙofar UNTL a buɗe take.

Dokar mafi ƙarancin albashi ta farko ta zo a 1981. NLC ƙarƙashin Hassan Sunmonu ta nemi naira 300, ta yi yaji a watan Mayu, Shugaba Shehu Shagari ya sa hannu a kan naira 125 a wata. A canjin lokacin, kusan dalar Amurka 200 ke nan. Daga nan sai 250 a 1991, sai 5,500 a 2000 zamanin Obasanjo, lokacin Oshiomhole yana shugaban NLC, sai 18,000 a 2011, sai 30,000 da Buhari ya sa wa hannu a watan Afrilun 2019, sai 70,000 a watan Yulin 2024. Sifili yana ta ƙaruwa, ƙima tana raguwa: 18,000 ta haura dala 110 a lokacinta, 30,000 ta ɗan wuce dala 80, ita kuwa 70,000 ba ta kai dala 50 ba ranar da aka sa mata hannu. Dalilin a fili yake. Adadin ƙayyadadde ne, ba a ɗaure shi da farashin kaya ba, kuma akan yi shekara biyar zuwa goma sha ɗaya kafin a taɓa shi.

A tsakanin waɗannan shekarun masaƙun suka mutu. Tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna suka yi tsada, wutar lantarki ta ƙi tsayawa, baƙin man da ake hura tukunya da shi ya yi wuyar samu, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa. KTL ta rufe a 2002, Arewa Textiles ta bi bayanta, UNTL ta rufe a 2007, ko da yake ta sake buɗewa daga baya da ma'aikata kaɗan. Tsofaffin ma'aikatan KTL sun shafe shekaru suna zanga-zangar neman haƙƙinsu na sallama, da yawa sun rasu ba su karɓa ba. Waɗanda suka rage su ne suka koma acaɓa da gadi da dako da tireda. Mutum ɗaya ne, amma jiya yana da wakili da yarjejeniya, yau shi kaɗai yake tsayawa gaban mai gida.

Ga inda dokar take yoyo. Dokar 1981 ta tsame duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 50 ba. Ta 2019 ta rage zuwa 25, amma ta bar sauran ƙofofin: ba ta shafi mai aikin wucin gadi na 'yan sa'o'i ba, ba ta shafi wanda ake biya da kamasho ko jinga ba, ba ta shafi aikin da ke bin kaka kamar noma ba. Gidajen burodi, da gidajen ruwan leda, da ƙananan makarantu da asibitoci, da shagunan ɗinki, da gidajen abinci, kaɗan ne a cikinsu suke da mutum 25 a rubuce. Waɗanda suka kai kuma sun san hanyar kauce wa. Wani ya raba kamfani gida biyu da suna daban-daban. Wani ya mai da albashi lada a kan kowane buhu ko kowane kwando. Manyan wurare irin su bankuna da kamfanonin sadarwa sukan miƙa gadi da shara da tuƙi ga ɗan kwangila: kamfani ya biya kuɗin kai guda, ɗan kwangila ya cire kuɗin kayan sarki da na ofis da ribarsa, abin da ya rage ya isa hannun ma'aikaci. Idan an yi ƙorafi, kamfani ya ce ba ma'aikacinsa ba ne, ɗan kwangila ya ce abin da aka ba shi ke nan. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2024 sun nuna sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya suna cikin sana'o'in da ba na tsari ba.

Abin takaici, akwai haƙƙoƙin da ba su jira adadin 25 ba, kuma ba a cika neman su ba don ba a san da su ba. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki kafin ya wuce wata uku. Kada tazarar biyan lada ta wuce wata guda. Bayan shekara cur ana aiki, hutu aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashi. Hutun jinya har kwana 12 a shekara da shaidar likita. Mai ciki tana da mako 12, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida a wurin. Sanarwar sallama kuwa kwana ɗaya ce ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu har zuwa shekara biyar, wata ɗaya daga nan sama. Wannan ne ya sa wasu masu kamfani suke sallamar mutum dab da cikar wata uku su sake ɗaukarsa sabo. Dokar biyan diyya ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF saboda wanda inji ya cinye wa yatsa. Kotun ma'aikata tana da reshe a Kaduna. Abin da yake kashe ƙara galibi rashin shaida ne: biya a hannu, babu takarda, babu katin aiki. Wanda ake tura wa kuɗi ta banki, ko yake da hoton rajistar sa hannu ko saƙon waya daga manaja, ya fi tsayuwa da ƙafafunsa. Ƙungiya sabuwa kuma doka ta ce sai da mutum 50 za a yi mata rajista, shi ya sa hanya mafi sauƙi ita ce shiga ƙungiyar da ta riga ta wanzu. Ƙungiyar masaƙu da kanta, da mambobinta suka ragu, ta koma jawo teloli masu zaman kansu, ƙungiyar FIWON kuma tun 2010 take haɗa kan masu ƙananan sana'o'i.

Ko a cikin gwamnati adadin ba ya zuwa salin-alin. Idan aka ɗaga na ƙasa ba a gyara na sama ba, masinja sai ya kamo akawu, don haka kowane ƙari yana haifar da rigima ta biyu. A 2019 sai watan Oktoba aka daidaita a tarayya: ƙarin kashi 23.2 ga matakin albashi na 7, yana sauka har kashi 14 ga mataki na 15 zuwa 17. Kaduna tana cikin jihohin farko da suka fara biyan 30,000, a watan Satumban shekarar. Sai dai a watan Afrilun 2021 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta sallami dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi, tana cewa albashi yana cinye kusan duk abin da take samu daga asusun tarayya. Shugaban NLC na lokacin Ayuba Wabba ya jagoranci yajin gargaɗi daga 17 ga Mayu, aka ɗauke wuta, jirgin ƙasa da bankuna suka tsaya, gwamna ya ayyana neman Wabba ruwa a jallo, aka janye a rana ta uku da gwamnatin tarayya ta shiga tsakani. A shekarar ce kuma ɗan majalisar wakilai daga Sabon Gari, Garba Datti Muhammad, ya kai ƙudurin a bar kowace jiha ta yanka nata albashin, NLC ta yi dafifi a majalisa a watan Maris. Hujjar gwamnoni tana da ƙamshin gaskiya, kuɗin shigar Kaduna ba na Legas ba ne. Amma jihar da take jan ƙafa alhali doka ta tilasta mata, da wuya ta yi hoɓɓasa idan aka sakar mata mara.

Zagaye na baya-bayan nan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira ne suka kawo shi. Litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki. A watan Yunin 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 34, ta abinci ta wuce 40. Ƙwadago ta buɗe ciniki da 615,000, gwamnati ta taya 48,000. Aka kashe babban layin wutar ƙasa ranar 3 ga Yuni, ƙwadago ta sauko 250,000, gwamnati ta hau 62,000, aka tsaya a 70,000. Gwamna Uba Sani ya sanar da 72,000, amma a farkon Disamba NLC ta jihar ta sake shiga yaji a kan gyaran matakan sama.

A raba 72,000 gida 30, ana samun naira 2,400 a rana. Gida mai mutum shida, kowa ya tashi da 400. A ce kuɗin Keke daga Rigasa zuwa cikin gari da dawowa 1,000 ne, kwana 22 sun ci 22,000, tun ba a taɓa haya da mudun masara da kuɗin makaranta ba. A ƙarshen 2024 buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi albashin gaba ɗaya. Wannan giɓin ne ya sa masu fafutuka suke cewa a daina ciniki kamar na goro, a fara daga lissafin abin da iyali yake ci da sha da haya da magani a garin da yake zaune, kamar yadda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince a 2024, sannan a riƙa gyara adadin duk shekara gwargwadon farashi.

Gyaran dokar na 2024 abu biyu ya taɓa: adadin kuɗi, da rage wa'adin bita daga shekara biyar zuwa uku. Bita ta gaba 2027 ke nan. Sharaɗin mutum 25, da tsame masu jinga da kamasho, suna nan yadda aka rubuta su a 2019.